Sharhi: Kayan Hawan Shehu Na Bukatar Hatimin Maƙeri

A watan Disamba na shekarar 2024 ne Hukumar Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta amince a kiyaye su. An yi murna da wannan labari a duk faɗin Arewa, kuma ya cancanci murnar. To, amma ɗan kasuwa idan ya tsaya a bakin Dandal a Maiduguri ranar salla, yana kallon hakimai da lawanai suna wucewa zuwa ƙofar fadar Shehu, akwai lissafin da ya kamata ya yi wanda ɗan kallo ba ya yi. Kowane doki a wurin nan yana ɗauke da sirdi da linzami da likkafa da jalala da kayan goshi, kowane mahayi da takobi da zobe, matan da suka fito kallo kuma da sarƙa da awarwaro da murjani, sun baro gidajen da aka turara da kaskon yumɓu tun da asuba. Duk waɗannan kuɗi aka sa aka saya. Abin tambaya shi ne nawa ne daga cikin kuɗin ya shiga hannun maƙeri da maginiyar tukwane na Borno, nawa ne kuma ya tafi ƙasashen da ake zubo kwaikwayon kayan da inji.

Wannan irin ciniki yana da babbar kasuwa a ƙasashen waje, ko da yake ba a faye ba da labarinta a nan ba. A Turai da Amurka akwai ƙungiyoyin mutane masu sha'awar raya al'amuran tarihi, waɗanda kan yi shiga irin ta mutanen da, su kafa sansani, su kwaikwayi yaƙe-yaƙe da zaman kasuwa na zamanin kakanninsu. Ɗaya daga cikin manyansu an kafa ta ne a Kalifoniya a 1966, kuma taronta na shekara-shekara a Jihar Fensilbaniya yakan tara mutum wajen 10,000. A 2015, lokacin cikar yaƙin Waterloo shekara 200, dubban mutane sanye da kayan sojan Napoleon da na abokan gabarsa suka taru a filin da aka gwabza a Beljiyam. Irin waɗannan mutane ba sa cin abinci a sansani da kwanon roba. Sukan nemi maginin da zai yi musu tulu da ƙoƙo daidai da wanda aka tono a ƙasa, da maƙerin da zai zuba musu zobe ko maɓalli irin na ƙarnin da suke kwaikwayo, su kuma biya shi da daraja saboda ya iya faɗa musu daga wane gidan tarihi ya ɗauko samfurin. Sulke da kwalkwalin da yawancinsu ke sawa kuwa, a garuruwan Dehradun da Meerut na Indiya ake ƙera su. 'Yan kasuwar Indiya sun hango cinikin da wuri, suka kafa masana'antu a kansa.

Hawan Shehu ba wasan kwaikwayo ba ne, kuma bai kamata a kira shi haka ba, domin gaisuwa ce da mubaya'a ga sarki mai rai, a kan gadon sarautarsa. Amma ta fuskar ciniki, mai sayen kayan hawa da wancan Baturen abu guda suke nema, wato kayan da ya yi daidai da na asali. Na Borno kuma yana da shaidar da ba kowa ke da irinta ba. Lokacin da Dixon Denham da Hugh Clapperton suka iso Kukawa a watan Fabrairu na 1823, mahaya ne suka tarye su, kuma Denham ya rubuta cewa dogaran Shehu Muhammadu al-Amin el-Kanemi suna sanye da sulke daga wuya zuwa gwiwa, kawunan dawakinsu kuma an kare su da faranti na ƙarfe da tagulla da azurfa. Zane-zanen da aka buga a littafinsu a 1826, har da na barde cikin lifidi, suna nan ana sake buga su. Saboda haka maƙerin Maiduguri yana da samfurin da ya kai shekara 200 a rubuce da zane, ban da abin da ke ajiye a gidajen sarauta.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya guda, kada a ɗora wa maƙeran Borno abin da ba nasu ba. Shi sulke tun asali yawancinsa shigo da shi ake yi ta hanyar Sahara, kamar yadda binciken A. D. H. Bivar a kan makaman Arewa, wanda aka buga a 1964, ya nuna. Aikin gida shi ne lifidi da sirdi da kayan fata, sai kuma aikin maƙeran fari, masu sarrafa azurfa da tagulla. Su kuwa waɗannan, abin da ya riƙe sana'arsu shi ne liyari, kuɗin azurfan nan na Ostiriya mai hoton Sarauniya Maria Theresa, wanda kowane ɗaya ke ɗauke da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga shi. Da shi ake babban ciniki a Kukawa a ƙarni na 19, kuma da shi ake zuwa wurin maƙeri a ce ya narka ya yi munduwa ko zobe ko kwalliyar linzami. Nauyinsa giram 28 ne, kashi 833 cikin 1,000 kuma azurfa ce zalla. Ma'anar wannan ita ce, a wancan zamani mai saye ya san abin da ke cikin kayansa, domin shi ya kawo liyarin da hannunsa, ya ƙirga, ya zauna a maƙera har aka zuba. Kuɗin shi ne ma'aunin. Da sarautar ta taso daga Kukawa zuwa Yerwa a 1907 a zamanin Shehu Garbai, masu sana'a suka biyo ta, kuma aikinsu ne aka gani a jikin dawakin Borno a hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da babban hawan FESTAC a 1977, da wanda aka shirya wa Yarima Charles da Gimbiya Diana a Maiduguri a watan Maris na 1990.

Abin da ya sami birnin daga baya ba ya bukatar dogon bayani ga mai karatu. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya sa an dakatar da hawa na wasu shekaru, baƙi suka ɗauke ƙafa, hanyoyin Gamboru da Banki da Baga suka zama abin tsoro. A ranar 26 ga Fabrairu 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwar da aka sake ginawa, ya shiga fadar Shehu da unguwanni irin su Gwange. Mai sayar da atamfa da ya yi asara yana iya sake sarowa idan ya sami jari. Maƙerin da tsofaffin samfuransa na zubi suka salwanta, sai ya sake sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya, in har yana tuna su.

Duk da haka, abin da ya fi gobara da ambaliya yi wa sana'ar illa shi ne farashin azurfa, domin shi ba ya wucewa a gyara ɓarnarsa. A farkon 2020 ana sayar da oza guda a kasuwar duniya kimanin dala 18, dala kuma tana wajen Naira 360. Azurfar da ke cikin liyari guda, wato kashi uku cikin huɗu na oza, ba ta wuce Naira 5,000 ba a lokacin. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, a watan Oktoba na 2025 kuma oza ta haura dala 50. A wannan lissafi azurfar liyari guda ta wuce Naira 50,000, ninki goma cikin shekara biyar da 'yan watanni. Idan ƙarfe ya yi irin wannan tsada, abu biyu ke biyo baya. Mai tsohuwar munduwar gado da yunwa ta matsa masa zai kai ta a auna a narka, aikin shekara ɗari ya koma dunƙule. Mai ƙaramin imani kuma zai ƙara tagulla ko sanholo a cikin zubi, ya wanke da ruwan azurfa, ya sayar da sunan na gaske. Ita kuwa uwar amarya da ke haɗa kayan wushe-wushe, tunda ba ta da hanyar bambancewa, sai ta ƙi biyan kowa farashin azurfa, ta koma wurin mai tebur ta sayi na kanti da aka shigo da shi daga Sin ko Dubai, wanda aƙalla ta san ba na gaske ba ne kuma kuɗinsa kaɗan ne. Wanda ya faɗi a wannan ciniki shi ne maƙeri mai gaskiya, wanda ya zuba azurfa tsantsa amma ba shi da abin da zai nuna.

Maganin wannan tsoho ne. Ingila ta kafa dokar auna azurfa da buga mata alama tun 1300, kuma daga 1478 ake kai kayan zauren ƙungiyar maƙeran zinariya a Landan a gwada kafin a sayar. Har yau ɗan ƙaramin hatimin da ke bayan cokalin azurfa na Ingila yana faɗin wanda ya ƙera, da ofishin da ya auna, da yawan azurfar da ke ciki, wato 925 cikin 1,000 ga wadda aka fi sani. Indiya ta wajabta irin wannan alama a kan zinariya daga watan Yuni na 2021. Amurka kuma a 1990 ta yi dokar da ta haramta sayar da kayan ado ko tukwane da sunan aikin 'yan asalin ƙasar, wato Indiyawan daji, alhali ba su suka yi ba, saboda kwaikwayo daga waje ya kusa kashe musu kasuwa. A kasuwannin ƙasar nan kuwa, mai sayen azurfa har yanzu yana dogara ne da rantsuwar mai sayarwa da gogawa a kan dutse.

Ba sai an kafa wata sabuwar hukuma mai shugaba da motoci ba kafin a fara wannan a Maiduguri, kuma gara kada a kafa. Maƙera suna da shugabanninsu na gargajiya waɗanda fada ta sani, su kuma sun san wane ne ya koyi aiki a hannun wane. Rajista guda ta isa, wadda kowane maƙeri zai sa sunansa da alamarsa, a sassaƙa masa ita a kan ɗan ƙarfen bugawa. Aunawa kuma akwai na'urar hannu da dillalan ma'adinai ke amfani da ita, wadda ke faɗin abin da ke cikin ƙarfe cikin daƙiƙoƙi ba tare da an kankare shi ba. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da Kwalejin Fasaha ta Ramat suna da masana kimiyyar sinadarai da za su iya riƙe aikin, Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ƙasa kuma ta sa musu ido. A buga lamba uku kawai a jikin kaya: 925 ga mai bin ma'aunin Turai, 833 ga mai bin ma'aunin liyari, wanda shi ne na gadon Borno kuma shi mai sha'awar tarihi zai fi so. Kuɗin awo a ɗora shi a kan kowane kaya, mai saye ya biya, domin shi ke cin moriyar.

Za a ce ai ba kowane mahayi ke da halin azurfa ba, kuma da yawa daga samarin da ke raka hakimi aron doki suka yi, balle kaya. Haka ne. Kayan tagulla da na sanholo suna da wurinsu, kuma su ma maƙeran gida suna iya yin su, a buga musu alamar maƙeri ba tare da lambar azurfa ba. Hatimi ba ya hana kowa sayen mai araha. Abin da yake hanawa shi ne a karɓi kuɗin azurfa a ba da sanholo.

Ga wanda ke tunanin fitar da kaya waje, alamar nan ta zama tilas. Tarayyar Turai ba ta yarda a sayar da kayan ado mai ɗauke da dalma fiye da kashi 0.05 cikin 100 na nauyinsa ba, kuma ta sa iyaka mai tsanani a kan kadmiyom da nikel. Maƙerin da ke narka tarkacen famfo da tsofaffin makullai don samun tagulla bai san yawan dalmar da ke ciki ba, kuma kaya guda da aka gwada aka kama ya isa ya rufe wa ɗan kasuwa ƙofa. Akwai kuma Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta kuma hana fitar da kayan tarihi ba tare da izininta ba. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya kayan yumɓu da na tagulla na mutanen Sao, na yankin Tafkin Chadi, cikin jerin kayan da ake sacewa, ta gargaɗi jami'an kwastan na duniya a kansu. Saboda haka duk wanda ya yi kwaikwayon tsohon kaya da kyau ƙwarai, yana cikin haɗarin a riƙe masa shi a filin jirgin sama a ce na tono ne. Alamar mai yi da shekarar da aka yi, a jikin kayan tun kafin ya bushe ko ya huce, ita ke raba sabon aiki da kayan sata.

Wannan ya kawo maganar tukwane, waɗanda tarihinsu a Borno ya girmi na azurfa nesa ba kusa ba. A Gajiganna, arewa da Maiduguri, masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus tare da na Jami'ar Maiduguri sun tono kasake masu zane waɗanda suka kai kimanin shekara 3,800. A tudun Daima kusa da Ngala, Graham Connah ya yi tono a 1965 da 1966, ya fito da tukwane da 'yan gumakan shanu na yumɓu da mundayen tagulla da duwatsun wuya. Sana'ar ba ta yanke ba tun daga lokacin, kuma yawancinta a hannun mata take, masu gini da hannu ba tare da injin juyi ba, su tara itace da ciyawa su gasa a fili. Roba da sanholo sun ƙwace musu tulu da tukunyar miya. Randa ta tsira saboda tana sanyaya ruwa ba da lantarki ba, abin da mutanen Maiduguri suka ƙara sanin darajarsa lokacin da aka farfasa turakun wuta a 2021 birnin ya daɗe cikin duhu. Amma kayan da ke da kasuwa ta gaske shi ne kaskon turaren wuta. Turaren Borno da humra sun kai Kano da Abuja da Legas, sun kai Jidda da Landan a cikin akwatunan matafiya, kuma duk inda turaren ya je yana bukatar abin da za a zuba garwashi. Abin takaici ne a ce turaren na Maiduguri ne, kaskon kuma na ƙarfe ne ko na lantarki daga kasuwar Dubai.

Matsalar kaskon gida ita ce fashewa a hanya, domin gashin fili ba ya kai zafin da ke sa yumɓu ya yi tauri sosai, kuma wuta ba ta kama ko'ina daidai. Darasin Ladi Kwali yana nan ga mai son ɗauka. Ita ma da hannu ta koyi gini a ƙauyensu. Da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ba ta bar siffar randunanta da zanen ƙadangare da kifi da ke jikinsu ba. Abin da ya canja shi ne irin yumɓun da kuma murhun gashi mai zafin da ya haura digiri 1,200. Da wannan aikinta ya kai Landan, aka san ta da sunanta, har hotonta ya hau takardar Naira 20. Matan Borno ba sa bukatar zafin da ya kai haka don kasko. Rufaffen murhun bulo guda a unguwa, wanda mata goma ko ashirin za su riƙa biyan kuɗin gashi a cikinsa, zai rage asara ya kuma rage cin itace, a yankin da itace ya yi tsada kuma shiga daji nemansa ya sha jawo asarar rayuka. Sashen koyar da zane da ƙere-ƙere na jami'a yana iya zana musu siffofin Daima da na Birnin Gazargamu daga abin da ke gidajen tarihi, su gina, kowace ta danna alamarta a gindi.

Cewa suna yana sayar da kaya, ba sai an je Ingila neman misali ba. Matan Bama da rikici ya koro zuwa sansanonin Maiduguri daga 2014 sun riƙe kansu da ɗinkin hula, kuma hular ta sami shiga kasuwannin Arewa da na maƙwabta saboda mai saye yana tambayarta da sunan Bama, yana kuma iya juya ta ya ga ɗinkin hannu ne. Dillalai suka shiga tsakani, suna ba da zare da kuɗin somi, suna karɓar aiki. An yi ta koke a kan ƙanƙantar abin da ke isa hannun mai ɗinki, kuma koken yana da tushe, amma cinikin ya tsaya da ƙafarsa ba da tallafin kowa ba.

Irin wannan dillanci ne maƙera da magina suka rasa. Ranar salla ba ta zuwa ba zato. Maƙeri yakan zauna wata takwas yana gyaran 'yan kunne, sa'an nan a cikin azumi kowa ya taso masa a lokaci guda, ga shi ba shi da jarin sayen azurfa a farashin yau, sai ya mayar da aiki, mai doki ya wuce Kano ko ya sayi na kanti. Ɗan kasuwar da zai karɓi odar hakimai da masu aurar da 'ya'ya tun watan Rajab, ya sayi azurfar ya auna wa maƙeri, ya karɓi kaya da hatimi ya sake aunawa, ya mayar da tsarin liyari ke nan a sabon salo, kuma ribarsa halal ce bayyananna. Masarautun jihar, daga Borno da Dikwa da Bama har Biu da Gwoza, da ita kanta Gwamnatin Jiha, suna sayen kyaututtukan da ake miƙa wa manyan baƙi kowace shekara. In da za su sa sharaɗin cewa duk takobi ko faranti ko kaskon da za a bai wa baƙo sai mai alamar wanda ya yi shi a Borno, da rajistar ta cika kafin babbar salla mai zuwa.